Tseren Formula 1 na Indiya: shekara uku, zakara ɗaya, daga nan sai kotu

In ana lissafin tseren motoci da suka zo da ƙarfinsu suka mutu da wuri, toh na Indiya yana sahun gaba. Sau uku kacal aka yi shi, 2011 da 2012 da 2013, kuma duka ukun mutum ɗaya ne ya cinye, Sebastian Vettel ɗan Jamus a motar Red Bull. Shi yasa in ka tambayi wasu masu kallon Formula 1 me ya kashe tseren nan sai su ce ai Vettel ne ya gundiri mutane da cin da ba hamayya, wasu kuma su ce 'yan Indiya in ba kurket ba babu wasan da suka sani. Ni gaskiya ban yarda da ko ɗaya ba. Abinda ya kashe shi yana cikin takardun kwangila da ofishin haraji ne, ba a kan kwalta ba, kuma abin yana min ciwo sabida fili ne mai kyau wanda direbobin da kansu suka yaba.

Filin sunansa Buddh International Circuit, yana Greater Noida a jihar Uttar Pradesh, ba nisa sosai da Delhi. Hermann Tilke ne ya zana shi, Bajamushen nan da ya zana na Malesiya da Baharen da Abu Dabi da Turkiyya. Tsawon zagaye ɗaya kilomita 5 da 'yan kai, kwana 16, ana zagayawa sau 60. Wurin asalinsa shimfiɗaɗɗen fili ne na gonaki, sai da aka yi ta jibga ƙasa aka ƙirƙiri hawa da gangara da gangan don kada ya zama miƙaƙƙen abu mara daɗi. Akwai doguwar miƙa da ta haura kilomita ɗaya tsakanin kwana ta 3 da ta 4, an kuma faɗaɗa bakin wasu kwanonin don direba ya samu hanyar wuce ɗan uwansa, sannan ga doguwar kwanar nan ta 10 da 11 da mota take daɗewa a cikinta tana juyawa taya na cin wuya. Ba gwamnati ce ta gina ba, kuma wannan ka riƙe shi da kyau domin nan gizo yake saƙa. Kamfanin Jaypee ne na attajiri Jaiprakash Gaur, masu harkar siminti da madatsun ruwa da tituna da gidaje, su suka zuba kuɗin da aka ƙiyasta wajen dala miliyan 400. Su ne kuma suka gina babban titin Yamuna da ya tashi daga nan zuwa Agra, garin Taj Mahal. Lissafinsu ba ɓoyayye bane, filin tseren zai ɗaga sunan unguwar, sai su sayar da filaye da gidajen da ke kewaye da tsada.

Ranar 30 ga Oktoba 2011 aka yi na farko. Shekarar da ma Indiya tana cikin farin ciki don a watan Afrilu suka ci kofin duniya na kurket a gida, kuma gwarzon kurket ɗinsu Sachin Tendulkar da kansa shi ya kaɗa tutar ƙarshe. Mutum wajen 95,000 suka shiga. Amma an yi shi cikin jimami, domin sati biyu kafin nan Dan Wheldon ya mutu a tseren mota a Las Vegas, bayan sati ɗaya kuma Marco Simoncelli ya mutu a tseren babur a Malesiya, sai da aka yi shiru na minti ɗaya kafin a tashi. An ɗan samu tangarɗa irin ta sabon wuri, ƙura ta yi yawa a kan kwaltar, ran Juma'a ma kare ya shigo fili ana cikin gwaji sai da aka tsayar, jaridun Turai suka yi ta yayata wannan kamar shi kaɗai ne labarin, alhali tseren kansa ya tafi lafiya lau. Vettel ya riga ya ci kambun shekarar tun a Japan, duk da haka bai sassauta ba, shi ya tashi a gaba, shi ya jagoranci duk zagaye 60 ɗin ba wanda ya karɓa ko sau ɗaya, shi ya yi zagaye mafi sauri. Karon farko kenan a rayuwarsa da ya haɗa waɗannan duka a tsere guda. Jenson Button na McLaren ya zo na biyu, Fernando Alonso na Ferrari na uku. Lewis Hamilton da Felipe Massa kuwa, da ma shekarar nan kullum sai sun gogi juna, nan ma suka yi karo, aka hukunta Massa, daga baya ya hau dakalin gefen kwana ƙafar motar ta karye ya fita. Ɗan gida Narain Karthikeyan ya tuƙa wa ƙaramar ƙungiyar HRT ya gama na 17, wanda a irin motar da aka ba shi ba abin rainawa bane.

Na 2012, ranar 28 ga Oktoba, shi ne wanda nake ganin ba a ba shi haƙƙinsa. Masu cewa tseren Indiya ba shi da armashi su duba lissafin makin shekarar. Alonso ya yi ta jan ragama tun tsakiyar kaka da Ferrari da kowa ya san ba ta kai Red Bull gudu ba, sai aka yi waje da shi a zagayen farko a Beljiyam aka kuma sake yi a Japan, Vettel kuma ya kama ci a jere, Singafo, Japan, Koriya, ya zo Indiya ya ci na huɗu. Alonso ya tashi a na biyar, ya wuce motocin McLaren biyu, ya bi Mark Webber, abokin tuƙin Vettel a Red Bull, da na'urar ƙarin ƙarfin motarsa ta samu matsala ya wuce shi ya gama na biyu, Webber na uku. Tazara ta zama maki 13. Ƙarshen shekara a Brazil da maki 3 kacal Vettel ya ɗauki kambu. Tsakanin na ɗaya da na biyu maki 7 ne, kenan da a ce Alonso ne ya ci a Noida Vettel ya zo bayansa, da yau Alonso kambu uku gare shi ba biyu ba. A wannan shekarar ne kuma Ferrari ta manna tutar sojan ruwan Italiya a jikin motarta, lokacin Indiya tana tsare da sojojin ruwan Italiya biyu kan kisan masunta biyu a gaɓar Kerala, hukumomin Indiya suka nuna ɓacin ransu. Ni dai ina ganin Ferrari ba ta kyauta ba, ka zo gidan mutane baƙo an kashe musu mutane sannan ka taɓo musu wurin ciwo. Abin lura dai shi ne 'yan kallo sun ragu zuwa wajen 65,000.

Sai na ƙarshe, 27 ga Oktoba 2013, wanda hotonsa ya fi na kowanne yawo. Ran Asabar da safe hazo da hayaƙin yankin Delhi ya sa aka jinkirta gwaji don jirgin ɗaukar marasa lafiya ba zai iya tashi ba. Ran Lahadi Vettel ya tashi a gaba da taya mai taushi wadda ba ta jure wannan filin, zagaye biyu kawai ya yi ya shiga gareji ya canza, ya fito can baya cikin cunkoso, daga nan ya dinga tsinke su ɗaya bayan ɗaya har ya gama da tazarar kusan daƙiƙa 30. Nico Rosberg na Mercedes na biyu, Romain Grosjean na Lotus da ya taso tun daga na 17 ya zo na uku, Webber motarsa ta mutu a hanya, Alonso ko maki bai samu ba. A nan Vettel ya ci kambunsa na huɗu a jere yana ɗan shekara 26, ya shiga layin tsofaffin zakaru masu kambu huɗu ko fiye, Fangio da Prost da Schumacher, Red Bull ma ta ɗauki na ƙungiyoyi a ranar. Maimakon ya kai motar inda doka ta ce, sai ya tsaya gaban babban rumfar 'yan kallo ya yi ta wulwula ta hayaƙin taya na tashi, ya fito ya durƙusa gabanta yana jinjina mata. An ja masa kunne, aka ci ƙungiyar tarar yuro 25,000. Ka tuna a shekarar nan an yi masa ihu a dandamali a wasu ƙasashe tun bayan rigimarsa da Webber a Malesiya, amma a Indiya tafi aka yi masa. Wajen mutum 60,000 ne suka gani da idonsu.

Dalilin da yasa shi kaɗai ya yi ta ci ba wani sirri bane. Shekarun nan uku su ne ganiyar motocin Red Bull da Adrian Newey ya zana, masu manne wa ƙasa a kwana mai gudu, kuma filin Buddh tsakiyarsa duk irin waɗannan kwanoni ne. Sannan tseren yana zuwa ƙarshen Oktoba ne, lokacin da Red Bull ta gama gyara motarta ta kai maƙura. A 2014 da aka koma sabon inji ƙarami mai haɗe da lantarki Mercedes ta karɓe komai, Vettel ko tsere ɗaya bai ci ba duk shekarar. Da tseren Indiya ya kai lokacin da tabbas an ga wani sunan.

Toh yanzu ga ainihin maganar, yanda kuɗi yake tafiya a Formula 1. Ba masu gasar ne suke biyan ka don sun yi amfani da filinka ba, kai ne kake biyansu don su zo. Lokacin Bernie Ecclestone, wani attajiri ɗan Ingila, ne yake riƙe da harkar, kuma kwangilar da Jaypee ta sa wa hannu ta shekara 5 ce, a kan wajen dala miliyan 40 duk shekara. Kuɗin nuna tseren a talabijin nasu ne, yawancin tallan da ake mannawa gefen fili nasu ne, kai abinda ya rage maka galibi kuɗin tikiti. Kamar ka gina shago da kuɗinka ne, ka biya ɗan kasuwa ya kawo kaya ya baje, ya sayar ya kwashe cinikin, kai kuma a ce ka tsaya bakin ƙofa ka karɓi kuɗin shiga. Yi lissafin da kanka, dala miliyan 40 a raba wa mutum 95,000 kowa sai ya biya sama da dala 400 kafin a mayar da kuɗin kwangila kaɗai, ba a zo maganar ma'aikata da tsaro da gyaran fili da bashin gini ba. In mutum 60,000 ne ya haura dala 650. Alhali tikiti mafi araha a 2011 rupi 2,500 ne, wajen dala 50 a lokacin, kuma ko wannan ɗin ma ya fi ƙarfin talakan Indiya. Ga kuma faɗuwar rupi, a lokacin tseren 2011 dala ɗaya wajen rupi 49 ce, a watan Agusta 2013 sai da ta taɓa 68. Kana karɓar tikiti da rupi kana biyan Ecclestone da dala. Duk wanda yake kasuwanci da naira ya san wannan ciwon ba sai an yi masa bayani ba.

To ya sauran ƙasashe suke yi? Gwamnati ce take ɗauka. Baharen da Abu Dabi kuɗin masarauta ne, Singafo gwamnati tana ɗaukar wajen kashi 60 cikin ɗari na kuɗin shiryawa, Ostareliya gwamnatin jihar Victoria ce take cike giɓin duk shekara. Sun san tikiti ba zai mayar ba, suna ɗaukarsa a matsayin kuɗin talla ne, otal ya cika, jirgi ya cika, sunan gari ya zaga duniya. Indiya kuwa ta ce ko sisi, kuma wallahi a nan ban ga laifinta ba. Ƙasar da miliyoyin mutane ba su da ruwa mai tsafta, kuma ba a daɗe da gama badaƙalar kuɗin wasannin Commonwealth na 2010 a Delhi ba, wane ɗan siyasa ne zai tsaya ya ce a ɗauki kuɗin jama'a a ba attajirin Ingila? Ga kuma manoma da ke kukan an karɓe musu gonaki da araha a gefen titin Yamuna, a watan Mayu 2011 ma sai da aka yi arangama da 'yan sanda a ƙauyukan Bhatta da Parsaul har aka rasa rayuka, wata biyar kafin tseren. Duk wanda zai yi maganar filin nan da adalci dole ya sa waɗannan mutanen a lissafi.

Inda nake ganin gwamnatin ta yi kuskure shi ne ba ta tsaya ga ƙin bayarwa ba, sai ta bar abin a dagule babu wanda ya san matsayinsa. Tun 2009 ma'aikatar wasanni ta ƙi amincewa da buƙatar fitar da kuɗin kwangilar zuwa waje, ta ce wannan ba wasa bane nishaɗi ne da kasuwanci. Wannan hukuncin kuma kuɗi ne tsagwaronsa, domin wasa yana samun sassauci, nishaɗi kuwa akwai harajinsa irin na gidan sinima. Gwamnatin Mayawati a Uttar Pradesh ta yafe wa Jaypee harajin nishaɗin, aka kai ƙara, kotun ƙoli ta ce a ware kashi 25 cikin ɗari na kuɗin tikiti a ajiye gefe har a gama shari'a, kwanaki kaɗan kafin tseren farko kenan. A 2012 aka yi zaɓe Mayawati ta faɗi Akhilesh Yadav ya hau, daga baya aka janye yafiyar, a satin tseren 2013 ma sai da aka sake shiga kotu ana neman a dakatar da shi. Sannan ga kwastam. Ƙungiyoyin nan suna yawo da tan-tan na kaya, su shigo Litinin su fita Litinin ta gaba, wani lokacin a ƙera sabon fiffike a Ingila ran Alhamis a saka shi a jirgi ya iso Juma'a. Ƙasar da take son tseren tana buɗe musu hanya ta musamman, a Indiya kuwa takardu ne da ajiyar kuɗin jingina da jira, ga wahalar biza, ga fargabar da ƙungiyoyi suka yi ta yi cewa za a yanki haraji daga kuɗin shigarsu na shekara don kawai sun yi kwana uku a ƙasar.

Da aka cire Indiya daga kalandar 2014 cewa aka yi hutu ne na shekara ɗaya, wai za a dawo da ita farkon 2015 don ba zai yiwu a yi ɗaya a Oktoba a sake yin wani a Maris ba. Ecclestone da bakinsa ya ce matsalar ta siyasa ce. Ba a dawo ba, saura shekara biyu a kwangilar suka tafi a haka. A 2015 ne ma'aikatar wasanni ta amince da hukumar tseren motoci ta ƙasar a matsayin hukumar wasa, bayan an riga an watse.

Shari'ar da ta rufe ƙofar gaba ɗaya ita ce ta Afrilu 2017, kuma har yau masu karatun dokar haraji a ƙasashe da yawa suna nazarinta. Akwai yarjejeniya tsakanin Indiya da Ingila cewa kamfanin Ingila ba zai biya harajin riba a Indiya ba sai in yana da mazaunin kasuwanci tsayayye a can. Kamfanin Formula One ya ce mu fa kwana uku muke yi a shekara, fili ba namu ba, ofis ba mu da shi, ta ina muka zama mazauna? Kotun ƙoli ta ce a'a, a kwanakin nan da kafinsu da bayansu ku ne kuke da iko da filin baki ɗaya, ku kuke cewa wa zai shiga wa ba zai shiga ba, a nan kuke samun kuɗin, kuma abu ne mai maimaituwa na shekara biyar, don haka filin Buddh mazauninku ne ku biya haraji. In ka cire son tsere a ranka hujjar kotun tana da ƙarfi, wanda ya ci riba a ƙasa ya kamata ya bar wani abu a ƙasar. Matsalar ita ce wannan amsar a 2007 ko 2009 ya kamata a same ta lokacin da ake ciniki, kowa ya san abinda zai biya ya sa a farashi ko ya fasa, ba shekara huɗu bayan an tashi ba.

Su ma masu kuɗin da suka tsaya wa harkar duk sun durƙushe kusan lokaci ɗaya. Jaypee bashi ya yi mata katutu, a 2017 reshenta mai gina gidaje ya shiga hannun kotun masu karyewa, dubban mutanen da suka biya kuɗin gida suka yi shekaru suna jiran makulli. Vijay Mallya mai ƙungiyar Force India ta Formula 1 ya bar ƙasar a 2016 bankuna na binsa, abokin haɗin gwiwarsa Subrata Roy na kamfanin Sahara tun 2014 aka tsare shi, ƙungiyar kanta aka sayar a 2018 ta zama Racing Point, daga baya Aston Martin, wadda a cikinta ne Vettel ya yi shekarunsa biyu na ƙarshe ya yi ritaya a 2022. Direban Indiya kuma tun bayan Karthikeyan a 2012 ba a sake samun wanda ya yi tseren Formula 1 ba, kuma wannan ba ƙaramin rashi bane, don mutane ɗansu suke zuwa kallo. Koriya ta Kudu ma kusan haka ta faru da ita, an gina fili a Yeongam can nesa da Seoul, aka yi sau huɗu daga 2010 zuwa 2013, Alonso ya ci na farko Vettel ya ci sauran ukun, asara ta kore su.

Filin Buddh yana nan bai rushe ba, ana ƙananan gasa na cikin gida da gwajin motoci a kansa. A watan Satumba 2023 aka kawo babban tseren babura na MotoGP, Marco Bezzecchi ɗan Italiya ya ci a kan Ducati, nan ma an sha fama da biza da zafi, kuma sau ɗayan nan ne, na shekarar da ta biyo baya aka soke. A Hyderabad kuma an yi tseren motocin lantarki na Formula E a watan Fabrairu 2023, Jean-Éric Vergne ya ci, ƙarshen shekarar aka yi zaɓe gwamnatin jihar Telangana ta canza, na 2024 aka soke shi saura 'yan makonni a yi. Yanzu ga Ruwanda ta fito fili tun Disamba 2024 tana neman Formula 1, Afirka ta Kudu ma tana son dawo da shi filin Kyalami inda rabon nahiyar nan da shi tun 1993. Ina so ƙwarai in ga an yi shi a Afirka, amma tambayoyin da zan so 'yan jaridarmu su yi musu tun yanzu su ne wa zai biya kuɗin kwangilar duk shekara, da wane kuɗi, gonar wa za a karɓa, kuma in gwamnati ta canza wa zai ci gaba da biya.